Waya Huɗu

Yayyafi tun asuba a bakin kogin Douro.
Taragon titi mai lamba sha takwas ya dawo gareji
yana warin ƙonanniyar roba,
direba ya sauko, hularsa a kan hanci.

Ni na riga kowa, da 'yar mitata ta aljihu,
na ɗora tsinke biyu a mahaɗar jan ƙarfe.
Sifili, in ji ta.
Na ɗaga murya har rufin kwano ya amsa:
lafiya lau!

Dona Ermelinda ko ɗagowa ba ta yi ba.
Sai da ta gama ɓare lemonta,
ta goge wuƙa a gwiwar wando,
sannan ta ce, Fausto,
ɗauko mini akwatin can mai nauyi.

Shekara talatin da ɗaya tana jan akwatin nan.
Marfinsa ya sha faci,
hannunsa igiya ce aka ɗaura.
Waya huɗu ta warware, kamar mai tsefe kai.
Biyu, ta ce, su ne 'yan dako, su ke kai wuta.
Biyun nan na ciki ba sa ɗaukar komai,
aikinsu saurare.
Taka mitar tana auna hanya har da ƙafafunta,
ta haɗa gajiyar wayarta da ta ƙarfen,
in ta rasa na faɗa sai ta ce sifili.

Raba om ɗaya gida miliyan, ta ce.
Arba'in daga ciki, shi ne haƙƙin wannan mahaɗa.

Ta danna. Muka jira lambobi su daina rawa.
Ɗari tara da goma sha biyu.

Na sa hannu zan gyara zaman matsewar,
ta buge mini yatsa.
Ɗumin jikinka ma shaidar zur ne a nan.
Ta juya wutar ta bi ta baya,
ta sake tambaya,
don ƙarfe biyu in sun haɗu
sukan yi 'yar raɗa tsakaninsu.
Amsa ba ta sauya ba.

Ɗan hakin da ka raina.
Abin da ido ba ya gani, yatsa ba ya ji,
shi ne in tarago ya hau gangaren Massarelos
cike da masu zuwa kasuwar kifi,
yake zama garwashi a ƙarƙashin kujerar wata tsohuwa.

Na san mahaɗar nan.
Ni na ɗaure ta ran Alhamis,
ana saura minti goma a take ƙwallo,
ban kankare tsatsa ba, ban shafa giris ba,
na ja sifana sau biyu na ce ya isa.
Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Na faɗa, idona a kan takalmi.

Ba ta ce uffan ba.
Ta miƙo mini samfefa,
ta koma kan benci da sauran lemonta.

Na goga har jan ƙarfe ya fito da fuskarsa,
na goga har kafaɗa ta fara yi mini Allah ya isa.
Noti huɗu, kowanne da ƙarfinsa a rubuce.
Wannan karon ni na kafa wayoyin,
masu saurare a ciki, 'yan dako a waje.

Talatin da takwas.

Ta buɗe littafin nan mai tabon kofi,
ta rubuta lamba, ta rubuta sanyin ranar,
a gurbin sa hannu ta tura mini biro.
Juma'a zan ajiye aiki, ta ce.
Igiyar hannun akwatin ta kusa tsinkewa,
ka nemo wata.

Tarago ya fita cikin yayyafi yana kaɗa ƙararrawa.
Na tsaya bakin ƙofa
ina shinshina iska.
Gishirin teku kawai, da ɓawon lemo.